Magnhild ta Motar Daɓe da Gonar Bayan Makaranta

A kwarin Vesledal idan ka ce Magnhild kawai, sai a tambaye ka wacce, domin su uku ne. Amma idan ka ce Magnhild ta motar daɓe, kowa ya san wadda kake nufi: 'yar Torgeir Skarstad mai gonar bayan makarantar firamare, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba saboda shekarun da ta yi tana hira inji na ruri a ƙarƙashinta.

An haife ta a tsakiyar hunturu, a makon da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, har sai da ungozoma ta zo a kan allunan zamiya da jakarta a baya. Ita kaɗai iyayenta suka samu. Tana shekara goma sha ɗaya uwarta ta rasu, daga nan ta zama wa Torgeir 'ya mace kuma ɗa namiji. Ita ce tatsar shanu, ita ce yankan ciyawa, kuma ta fara tuƙa tarakta tun ƙafarta ba ta gama isa birki ba. In zafi ya zo su kora shanu zuwa rugarsu a saman dutsen Storhaugen su yi wata biyu. In hunturu ya yi nisa ta ɗaura alluna ta hau ita kaɗai, ta kwashe dusar da ta taru a rufin bukkar kada nauyi ya karya shi. Da haka ta san dutsen nan kamar yunwar cikinta.

Tana da shekara ashirin da huɗu ƙungiyar wasanni ta kwarin ta sayo tsohuwar motar daɓe, irin mai tafiya a kan sarƙa, wadda ke danne dusar ƙanƙara ta zana layuka biyu don masu zamiya. Maza uku suka gwada ta, na ukun ya kifa ta a rami. Magnhild ta zo da taraktar ubanta ta jawo ta, ta hau ta zagaya fili sau ɗaya, tun daga ranar ba wanda ya sake tambayar makullin. A wannan hunturun ne kuma ta jawo bas ɗin makaranta da ya maƙale a kwanar coci, da direbansa Oddvar a ciki, wani gajere mai yawan barkwanci. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura musu aure. Duk wanda ya tambayi Oddvar yadda aka yi, sai ya ce, "Lissafi na yi. Na ga in ban aure ta ba, wa zai jawo ni baɗi?" Suka zauna a gidan Torgeir, suka haifi 'ya ɗaya, Ingunn.

Shekararta talatin da shida labari ya zo cewa ƙasarsu ce za ta karɓi baƙuncin babbar gasar wasannin hunturu ta duniya nan da shekara shida. Babban birnin lardi zai ɗauki yawancin wasannin, amma tseren zamiya na dogon zango an ba Vesledal. Aka kaɗa ƙararrawar coci da tsakar rana, mai kanti ya raba alewa kyauta, abin da ba a taɓa gani ba.

A farkon Fabrairu kwamitin shirya gasar ya turo injiniya daga Oslo, wani siriri mai tabarau, Jostein Kvale, da ƙunshin taswirori a hammata. Ɗakin taron makaranta ya cika maƙil. Mata sun soya waina, an yanka jan cuku, ga manyan filas na kofi a jere. Jostein ya manna taswira a bango ya ɗauki sanda. A saman Storhaugen za a yi filin, in ji shi. Za a fasa sabuwar hanyar mota mai kilomita goma sha takwas, a zuba benayen siminti na 'yan kallo dubu talatin, a gina masaukin 'yan wasa a can sama.

"Duk wanda ya kunna talabijin a duniya," ya ce, "zai ga duwatsunku bakwai a jere bayan masu tsere."

Aka ɗauki tafi. Magnhild ba ta tafa ba. Oddvar ya ga ta ajiye kofinta, ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke dai ci wainarki, don girman Allah."

Ta miƙe. "Injiniya, yaushe ka hau Storhaugen?"

"Sau uku na hau."

"Ban ce sau nawa ba. Na ce yaushe."

Ya gyara tabarau. "A Yuli, da kuma Agusta."

"To shanunmu ka je ka gani, ba dutsen ba. Gasar a wane wata za a yi ta?"

"Fabrairu."

"Ga mu a Fabrairu. Ranar Asabar ka sa wando mai kauri, in kai ka ku gaisa."

Ɗaki ya kwashe da dariya, shugaban ƙaramar hukuma yana buga cokali a kofi wai a yi shiru. Fuskar Jostein ta yi ja, amma ya tambaye ta ƙarfe nawa za su tafi. Magnhild ta lura da wannan, ta ce a ranta mutumin nan za a iya aiki da shi.

Ranar Asabar gari ya waye lumui a kwarin, hayaƙin gidaje na tashi sak. Suka shiga motar daɓe suka kama hawa. Suna fita daga cikin itatuwa iska ta tarye su, motar da nauyinta ta fara rawa. A saman dutsen, wani gefen iska ta share dusar tas, duwatsu baƙaƙe a waje, wani gefen kuma ta tara ta har ta fi tsayin mutum. Magnhild ta tsaya ta buɗe ƙofa.

"Sauka! Nan ka zana layin ƙarshe."

Ya sauka ya warware taswira don ya tabbatar. Iska ta fizge ta, ta fizge hularsa, ta yi gabas da su. Ya buɗe baki zai yi magana, maganar ma ba ta iso kunnenta ba. Da ta ga gemunsa ya fara fari, ta ja shi zuwa bukkar ubanta, ta hura murhu, ta zuba masa kofi, ta miƙa masa burodi da cuku.

"Kullum haka take?" ya tambaya, haƙoransa na karo.

"A cikin kwana goma, shida. Yau ma tana jin kunyar baƙo ne."

"Ma'aunin iskar da muka duba bai nuna haka ba."

"Ma'auninku yana can ƙasa bayan ofishin gidan waya, cikin lungu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba." Ta ƙara itace a wuta. "Ka bar ma zancen iska. A ce ta kwanta muku kwana goma, an yi biki an watse. Ranar Talata bayan an tashi makaranta, wa zai hau nan? Ƙarfe uku duhu ya yi. Wa zai share hanya kilomita goma sha takwas saboda yara ashirin da tsofaffi biyar? Ku bikinku na kwana goma ne. Mu muna nan shekara hamsin."

Jostein ya ƙarasa kofinsa. Sannan ya ba ta labarin wani gari da ya taɓa zuwa a wata ƙasa, inda aka yi irin wannan gasa da daɗewa. Ya ce ya tarar da itatuwa sun tsiro tsakanin kujerun 'yan kallo, awaki na kiwo a inda aka raba lambobin yabo, mutanen garin kuma ba sa son a ambaci wurin.

"Ba na so a ce ni na gina irinsa," ya ce. "Amma ina bukatar fili shimfiɗaɗɗe, faɗinsa kamar filin ƙwallo shida, da tuddai a bayansa, da kariya daga iska. Kin san irinsa a ƙasa?"

Magnhild ta ƙara masa kofi. Fili ɗaya ne tak a kwarin mai wannan siffa, kuma tun daren taro ta san haka.

"Akwai," ta ce. "Amma mai shi ya fi iskar nan wuyar sha'ani."

Torgeir na da shekara saba'in da huɗu a lokacin. Gonar ciyawar bayan makaranta kakansa ne ya share ta, da doki ɗaya da hannu biyu, kuma duwatsun da ya tono su ne aka jera suka zama katangar da ta kewaye ta. Ciyawar gonar ce ke riƙe shanunsu wata bakwai na sanyi. Da Magnhild ta gaya masa a kan teburin cin abinci, ya ajiye cokali.

"Ke da bakinki kika nuna musu?"

"Ni na nuna, Baba."

Daga nan kwana tara bai yi mata magana ba. Tebur ɗaya suke zama, Oddvar a tsakiya ya zama ɗan aike. "Baba ya ce a miƙo masa gishiri." "Magnhild ta ce ga shi nan kusa da hannunka." "Baba ya ce bai gani ba." Ita kuwa abin na cin ta. Takan tsaya a turken shanu da safe ta tambayi kanta ko baki ne ya ja mata, ko da ta ci wainarta ta yi shiru kamar yadda aka ce mata. A rana ta goma tana tatsa, Torgeir ya tsaya a ƙofa.

"Kira mini mutumin Oslo ɗin nan mai siririn wando."

Jostein ya zo da sabuwar hula. Torgeir bai ba shi kujera ba, a tsaye a bakin katanga aka yi maganar. Sharaɗi uku ya kafa. Ba za a zuba siminti ko cikin cokali a gonarsa ba. Katangar kakansa ba za a taɓa dutse ɗaya ba. Sannan duk abin da aka kafa a kwashe shi kafin bazara, domin a watan Yuli zai yanki ciyawarsa kamar kowace shekara.

"Benayen mutum dubu talatin babu siminti?" in ji Jostein. "Da me za mu yi su?"

Torgeir ya nuna dajin da ke bayan gonar da haɓa. "Waɗancan kabeji ne?"

Jostein ya koma Oslo da wannan magana, aka shiga ja-in-ja na wata huɗu. Masu talabijin suka ce duwatsu bakwai suke so, ba bayan makaranta ba. Wasu a kwamitin suka ce abin kunya ne a tara duniya a kan bencin katako. Abin da ya raba gardamar ma'aunin iska ne da aka kafa a saman Storhaugen don a ƙaryata Magnhild: sau biyu iska na karya sandarsa kafin bikin Ista. Jostein ya dawo ya ƙara ramewa, da takardar amincewa a aljihu.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Waɗanda suke da filaye a kan hanyar da aka fasa yi sun riga sun fara mafarkin otal da rumfunan sayar da abinci. Wasunsu sun shekara ba sa amsa gaisuwar Magnhild a kanti. Ba ta fasa gaishe su ba, kuma da muryarta ba yadda za su ce ba su ji ba.

Shekara uku ita da Jostein suna taka dajin bayan gona, suna ɗaura jan ƙyalle a itatuwan da za a sare. Shi yana neman tudu mai tsanani wanda zai fitar da gwani daga cikin gwanaye, ita kuma duk tudun da ya zaɓa sai ta ce a yi masa kewaye.

"Wannan na zakaru ne, na ji. To kakata fa, ta ina za ta bi?"

"Kakarki ba ta rasu ba?"

"Ni ce kakar, nan da shekara talatin. Zana kewayen."

Ya zana. Ta nace a sa fitilu a kilomita biyar na farko, a kuma fara hanyar daga ƙofar makaranta, yadda yaro zai fito daga aji ya ɗaura alluna ba sai an kai shi a mota ba. Shi kuma ya zo da nasa tunanin, wanda ita ba ta yi ba. Ya ji ƙaramar hukuma ta daɗe tana neman gidan kula da tsofaffi, sai ya sa aka gina masaukin 'yan wasa kusa da coci da kanti, gidajen katako marasa bene, ƙofofinsu masu faɗi yadda keken mara lafiya zai wuce, ba dokin ƙofa ko ɗaya. Wani babba daga kwamitin da ya zo dubawa ya tambaya ko guragu za su yi tseren. Jostein ya ce a'a, ana jiran su tsufa ne.

Gasar ta zo da sanyi mai ratsa ƙashi da sama garau. Jiragen ƙasa da bas-bas suka yi ta zubar da mutane, tutoci kala-kala, ƙararrawar shanu, harsuna iri-iri a layin sayen tsiran alade. An kawo sababbin motocin daɓe biyu da direbobi daga birni, amma Magnhild ce a gaba, su suna bin sawunta. Tun da asuba suke fita, kafin rana ta leƙo an gama. Saboda haka yawancin tseren ba ta gan shi ba, tseren mata ma da take ta ɗoki barci ya kwashe ta a cikin motar, sai ihun 'yan kallo ne ya tashe ta an riga an gama.

Ranar tseren kilomita hamsin, wanda shi ne na ƙarshe, dusa ta sauko da safe kamar ana zazzage buhun gari, saura awa biyu a fara. Alƙalan gasa suka taru suna zancen ɗagewa. Magnhild ta kalli sama ta gefen Storhaugen ta ce nan da rabin awa za ta ɗauke, a ba ta hanya. Ta raba wa direbobin nan biyu zagayen ƙasa, ita ta ɗauki tuddai. Ta dawo fili saura minti goma sha biyu, rigarta sharkaf da gumi a cikin wannan sanyi, aka buga bindigar tashi a kan lokaci. Ba a ambaci sunanta a lasifika ba, ita ma ba ta sa rai ba. Ta kashe inji ta tafi neman ubanta.

Ta same shi zaune a kan katangar kakansa, ya shimfiɗa fatar tunkiya, ya ƙi kujerar alfarmar da aka ba shi. Yana kallon mutum dubu talatin a tsaye a kan ciyawarsa, suna tsalle benayen katako na amsawa. Ta zauna kusa da shi, ya miƙa mata filas ɗinsa.

"Shekara tamanin ina kallon gonar nan," ya ce, "ba ta taɓa yin yabanya irin ta bana ba."

Kafin Mayu an kwance benayen. Katakon ya watsu a kwarin: wani ya zama gadar rafin niƙa, wani matsayar kwale-kwale a bakin tafki, wani rumbun ciyawar mutanen da suka shekara ba sa gaishe ta. Rumfar alƙalai aka ɗauke ta ɗungurungum zuwa bakin daji ta zama ɗakin shan iska da sauya takalma. A watan Yuli Torgeir ya yanki ciyawarsa. Injin yanka ya tono safar hannu goma sha ɗaya, tabarau uku da haƙoran roba na sama, waɗanda har yau ba mai su. Ciyawar ta fi ta kowace shekara kauri, Oddvar ya ce ba abin mamaki ba ne, mutum dubu talatin suna ta shan kofi, ban-ɗakuna kuma da nisa.

Da kaka tsofaffi suka fara tarewa a masaukin 'yan wasa. Torgeir ya yi shekara uku yana cewa gawarsa ce za ta shiga wurin, sai ƙugunsa ya gaza, ya shiga da ƙafarsa. Ƙorafinsa ɗaya ne, gado ya yi tsawo, an yi shi don samudawa. Tagarsa na kallon gonar, da hunturu ya ga 'yan makaranta na faɗuwa suna tashi a ƙarƙashin fitilu, da zafi ya ga ko an yanka ciyawa daidai, in ba a yi ba ya aika a kira Magnhild. A ɗakin ya rasu yana da shekara tamanin da bakwai. Jostein ya tuƙo mota awa huɗu ya zo jana'iza, ya ɗauki gefe ɗaya na akwatin.

Ba duk abin da aka yi alkawari ne ya tabbata ba. An ce baƙi za su riƙa tururuwa kowace shekara, suka zo shekara biyu suka ɗauke ƙafa. Otal ɗin da aka faɗaɗa ya rufe. Babban filin ajiye motoci da aka share a bakin gari ya zauna fayau, har sai da masu injin yanka katako suka karɓe shi suka tara gungumomi. Magnhild ba ta ɓoye wannan ga duk mai tambaya. Amma hanyar zamiya ba ta taɓa kwana ba sawu. Wata yarinya daga ajin Ingunn ta kai har ƙungiyar ƙasa, kwarin ya yi ta alfahari. Magnhild ta taya su murna, sai dai ita ƙungiyar matan ranar Talata ta fi burge ta, tsofaffi goma sha huɗu da ke bin kewayen tuddai a hankali suna gulmar fasto. Daga baya aka tsugunar da wasu iyalai daga Eritrea da Siriya a kwarin. Ranar da aka fara ɗaura musu alluna, manya da yara suna ta zubewa suna dariya, ta kashe inji ta sauko ta nuna wa wata uwa yadda ake tashi in an faɗi: a juya alluna gefe, a durƙusa, sannan a miƙe.

Shekara arba'in da ɗaya ta yi a kan motar daɓe, ta canza mota huɗu. Gwiwa ce ta sauke ta tana da shekara sittin da biyar. Ingunn ta karɓi gona da shanu, makullin mota kuma ya koma hannun wani magidanci, Eilif, makanikin garin, wanda har yanzu in ya zana layi sai ya waiga ya ga ko tana kallo.

A 'yan shekarun nan hunturu ya fara jinkiri. Nuwamba ta wuce da ruwan sama, wani lokacin har Kirsimeti gona na nan launin ƙasa, yara na yawo da alluna a kafaɗa ba inda za su taka. A taron ƙungiya aka yi ta kawo shawara, ana ture ta. Magnhild, da shekara saba'in da sandar dogarawa, ta ce kakanta kan sari ƙanƙarar tafki a Maris ya binne ta a cikin garin katako, ya sanyaya madara da ita har Satumba, kuma ta ji wasu garuruwa sun fara yin haka da dusa. Ga masu injin katako nan a bakin gari, garin katakonsu ya yi tsibi ba su san inda za su kai shi ba.

"Da tsohuwar zuma ake magani," ta ce. "Ku tara, ku rufe, mu gani."

A ƙarshen Maris Eilif ya ture dusa ya tara ta a wani kwazazzabo mai inuwa a bayan daji, tsibi ya kai tsayin coci ban da hasumiya. Aka lulluɓe shi da garin katako kamu biyu. Duk lokacin zafi mutane na zuwa kallo suna tsokana. Oddvar ya sa masa suna kabarin hunturu, ya ce in an buɗe aka tarar da kwaɗi shi ba ruwansa, ya gaya musu. Magnhild kan je duk Lahadi bayan coci ta soka sandarta ta ji ko akwai tauri a ciki, ba ta gaya wa kowa abin da ta ji.

A makon farko na Nuwamba aka buɗe, rabin kwarin na tsaye. Katafila ta yaye garin katako, sai ga fari. Kashi ɗaya cikin uku ya narke, sauran na nan daram, da tauri kamar gishirin dutse. Kwana biyu tireloli na kwasa, Eilif na shimfiɗawa, har aka sami farin zare mai kilomita biyu ya ratsa cikin busasshiyar ciyawa.

Da safiyar rana ta uku Magnhild ta jingine sandar dogarawa a jikin motarsu, ta sunkuya tana ɗaura alluna. Oddvar na zaune a gaban mota da bargo a cinya, ya sauke gilashi.

"Likita ya ce me game da gwiwar nan?"

"Ya ce in riƙa motsa ta."

"A ɗaki ya ce, a kan kujera. Ina wurin."

"To kai ka motsa taka a kan kujera."

"In kin faɗi ni dai ba zan iya ɗaga ki ba, kin sani."

"Yaushe ka taɓa iyawa?"

Ta tura da sanduna ta tafi. Dusar na da ɗan garin katako a ciki, tana ƙamshin sabon allo, amma tana zamiya yadda ake so. Ta yi zagaye ɗaya a hankali, ta ji gwiwar ba ta yi gardama ba, ta ƙara na biyu. A na biyun ta tsaya ta gaya wa Eilif cewa kwanar bakin rafi ta yi tsini, ya sassauta ta kafin 'yan makaranta su fito. Tana so ta yi na uku, sai Ingunn ta bugo waya cewa jar saniyar nan ta fara naƙuda kuma da alama ɗan ya juyo da baya. Magnhild ta kwance alluna ta jefa su a bayan mota, ta ce wa Oddvar ya matsa, ita za ta tuƙa.